Gidan Kan Kwana

Wasiƙar ta zo ran Talata,
tsakanin tallan taya da takardar kuɗin wuta.
A tsaye na buɗe ta, a zaune na ƙarasa.
Ƙaramar hukuma tana gaisuwa,
wai unguwarmu ta bakin tafki za ta sami bututun ƙazanta,
ni kuwa, Orrin Vandermolen, rabona
dala dubu goma sha tara da ɗari huɗu.

Ba da kai suka ƙirga ba.
Da da kai ne, ni kaɗai ne, sai tsohon kare.
Da ƙafa suka auna:
iya tsawon filinka da ya taɓa titi.
Nawa gidan kuwa a kan kwana yake,
titi biyu na goga masa kafaɗa.
Luella ce ta zaɓe shi
don rana ta riƙa shigo mata ta taga biyu.
Shekararta shida kwance a bayan coci,
yau ga hukuma ta zo karɓar kuɗin ranar.

Maƙwabcina Prochaska, likitan haƙori,
banɗaki huɗu gare shi,
filinsa ƙaramin baki, babban ciki, kamar tulu.
Rabin nawa zai biya.
Ya ɗago mini hannu da safe, na ɗaga masa.
Ba shi ya saƙa igiyar awon ba.

An yi taro a zauren 'yan kwana-kwana,
kujerun ƙarfe, kofi mai sanyi, taswira a bango.
Akawun da ke riƙe da littafin, Denise Tillotson,
shekara tara ina kai ta makaranta a bas.
Ta taɓa yin amai a kujera ta uku,
na goge, ban faɗa wa kowa ba.
Ta ce, "Ba sai ka biya a tashi ɗaya ba.
Shekara ashirin, da ɗan kuɗin ruwa,
a riƙa haɗawa da harajin gida."
Na ce, "Yarinya, saba'in da tara gare ni."
Zaure ya kwashe da dariya. Ban da ita.
Ta sassauta murya ta ce
ba ni bashin yake bi ba, gidan yake bi.
In na tafi yana nan manne da bango
yana jiran magaji ko mai saye.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Ban san gari ma yana da hanji ba
sai da suka zo shimfiɗa masa sabo.

Amma bari in faɗi wadda ban faɗa a taro ba.
Ramin masaina da hannuna na haƙa shi,
ni da ƙanin Luella, da shebur biyu, rani guda.
Duk sanda ƙanƙara ta narke
ciyawar kansa ta fi ta kowa kore,
na kuma san warin da ke gangarawa bakin ruwa.
Bara jikata Wrenna ta yi iyo,
ta fito da ƙuraje har wuya.
Ruwa ba ya tsami banza.
Na shafa mata magani, na ce sauro ne.

Na sa hannu ran Juma'a.

Katafila ta zo da kaka,
ta tsaga titi biyun, ta bi ta gindin tuffar Luella.
Yaron da ke tuƙi ya kauce wa saiwar da taku ɗaya
ba tare da na roƙe shi ba.
Na kai masa tuffa cikin hula.

Yanzu in dare ya yi na wanke kofina,
nakan tsaya in saurari ruwan yana tafiya
can ƙasa, cikin duhu,
yana haɗuwa da na Prochaska,
ba mai sanin na wa ya fi tsada.
Saura shekara goma sha tara.
Tafkin bai ce komai ba tukuna.